Gonar Mai Unguwa

4 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, gwiwar da aka ce tana damunka ta yi sauƙi, iskar bakin teku kuma ta karɓe ka. Mu nan ƙalau. Inna tana gaishe ka, ta ce in tuna maka kai jikan ƙanwar kakarta ne ta wajen uwa. Na ɗauki biro na zana zumuntar, takarda ta ƙare ban iso kanka ba. Amma Kawu aka ce in kira ka, Kawu kuma zan kira ka.

An ce ba ka ɗaga waya, wai ta masu gaggawa ce. Shi ya sa na ba direban da ke kawo mana gishiri daga kamfaninku wannan takarda. Tunda duk mako biyu yake zuwa, tamu zumuntar ta bar ƙafa ta koma motar gishiri.

Na san abin da ake faɗa a dangi: asibiti ya sallame ka don ba ka da takardar makaranta, ni kuma na zo da tawa na zauna a kujerarka. Haka aka yi, ba zan musa ba. Abin da ba a faɗa shi ne kai ka ba su sunana, ranar kuma da ka miƙo mini mabuɗi da littafinka ko kallona ba ka yi ba. Ban rubuto don mu tada wannan ba.

Tankin kifinka yana nan inda ka bar shi, a ɗakin jiran masu wankin ƙoda. Gishiri daidai, zafi daidai, famfo yana aiki. Murjanin da ka rena shekara tara, wannan halittar teku mai tsiro a jikin duwatsu, duk yana raye, mai kama da ƙahon barewa ma ya yi sabon reshe. Na yi wa tankin wanka na gaske, na kankare dattin shekaru, yanzu gilashi sai ka rantse babu shi.

Matsalar ɗaya ce, tsawonta bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba. Baƙin kifin nan mai launin tsohuwar tukunya, wanda marasa lafiya ke kira Mai Unguwa.

Mun yi sabon Darakta. Mutum ne mai turare da takalmi mai ƙara, wanda ke tsayawa a ƙofa ya dubi ɗaki kamar yana auna yadda zai fito a hoto. Ya ce tankin ba shi da fara'a. Ya sayo kifaye huɗu rawaya, kowanne faɗin tafin hannu, masu yawo a jere kamar an gayyace su. Marasa lafiya suka sa musu 'Yan Gayu. Tun ranar da suka shiga Mai Unguwa bai bar su sun huta ba. Yana korarsu daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana yagar musu wutsiya, ya hana su cin abinci. Shekaranjiya na tsamo ɗaya ya mutu a bayan famfo. Saura uku.

Na karanta littafinka daga bango zuwa bango. Akwai ranar canjin ruwa, akwai awon gishiri, har da ranar da ƙwan fitila ya ƙone. Babu kalma ɗaya a kan wannan ɗan ta'adda. Ko dai a zamaninka waliyyi ne, ko kuma akwai abin da biro bai rubuta ba.

Ina neman shawara. Ban saba nema ba, sai ka yi haƙuri in ban iya ba.

'Yarka


16 ga Maris

Zuwa ga Likitar Kifi,

Bayan gaisuwa. Na samu takardarki. Gwiwa da sauƙi, alhamdu lillahi. Ki gai da Innarki, ki ce mata zumunta ba lissafi ba ce da za a zauna ana zana ta.

Aikina a nan renon 'ya'yan kifi ne a manyan kwatamai. Ba mai tambayata takarda, kifin ma bai tambaya ba.

Na ga kin kankare dattin shekaru. Madalla. Ashe shekara tara datti nake tarawa ban sani ba. Allah ya saka wa jami'a da alheri.

Kin tambaye ni labarin Mai Unguwa. Lokacin da na haɗa tankin nan, ruwan sabo ne, ɗanye, mai guba. A wancan zamani ba mu da magungunan da kuke da su yanzu. Sai a jefa ƙananan kifaye masu taurin rai su zauna a ciki har ruwan ya nuna. Shida na zuba. Biyar suka mutu cikin kwana goma. Shi kaɗai ya rage, yana numfashi da ƙyar a ƙasan dutse, sati shida, har ruwan ya gyaru. Duk abin da kika gani yana yawo a tankin nan, da murjanin da kike yabo, bayansa suka shigo. A lokacin kyakkyawa ne, goshinsa ja, da ɗigo shuɗi a baya. Girma ne ya mai da shi tsohuwar tukunya. Haka girma yake yi wa kowa, ke ma ki jira.

A hannuna bai taɓa kashe kowa ba. Yana kora, ba na ce ba ya kora ba, amma yana da iyaka. In yanzu ya zama ɗan ta'adda, sai a tambayi wanda ke riƙe da tankin. Ruwa ba ya tsami banza.

Shawara kuwa, ai tana cikin littattafanku. Na ji ana cewa a jingina madubi, a kafa tarko, a ƙara abinci. Ki gwada. Ni da ban yi aji ko ɗaya a kan kifi ba, me zan koya wa mai digiri?

Ki gai da Baba Tela in har yanzu yana zuwa wankin ƙoda Litinin da Laraba da Juma'a. Kujerarsa ta uku daga taga. Kada a bar kowa ya zauna masa.

Kawunki


18 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin labarin gwiwa. Inna ta yi mura ta warke. Direba yana waje yana shan shayi, ya ba ni minti arba'in, don haka ka yafe rubutun.

Na karanta takardarka sau biyu, na farko don in ji haushi, na biyu don in nemi shawarar. Na farkon ya yi nasara. Dattin da na ce, na gilashi da duwatsu nake nufi, ba aikinka ba. In na so zaginka, Kawu, zan rubuta shi yadda ba sai ka yi tono ba.

Shawarwarin littattafanmu kuwa, na riga ka. Na jingina madubi a jikin gilashi. Kwana biyu Mai Unguwa yana dambe da hotonsa har leɓensa ya yi fari. Baba Tela ya ce, “Kin gani ko, 'yata? Ko da kansa bai yarda ba.” Rana ta uku ya gane wancan ɗin ba ya rama duka, ya juya masa baya ya koma kan 'Yan Gayu. Na kafa tarkon kwalba da jatan lande a ciki. Na kama kifayen nan biyu masu zanen lemo da fari. Na kama ƙaguwa sau uku, ina jin ta mai da wurin gidan abinci. Shi kuwa ya tsaya nesa yana kallona, irin kallon nan na kifi na ganin ka mai jar koma. Na ƙara abinci, kowa ya yi ƙiba, faɗa bai ragu ba.

Jiya na biyu ya mutu. Saura biyu, suna maƙale a saman ruwa kusa da bututu kamar masu jiran mota.

Darakta ya kira ni ofis. Za a buɗe sabon ɓangaren asibiti ran 20 ga Afrilu, manyan baƙi za su ratsa ta ɗakin jira. Ya ce kafin ranar yana son abu biyu: tanki fes, kuma babu baƙin kifin nan. Na tambaye shi in kai shi ina. Ya ce bai ɗauke ni aiki don in riƙa tambayarsa inda ake zubar da shara ba. Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa har yanzu ina watannin gwaji.

Ka san abin da wannan ke nufi fiye da ni. Koma ba ta kama shi. Da ya ga inuwarta yake shigewa cikin duwatsu, duwatsun kuma murjaninka ya bi ya ɗinke su wuri guda. In zan fito da shi, sai na ɓalle komai na zube a bokitai. Rabin abin da ka rena ba zai tashi ba.

Ga abin da na lura, ko zai yi maka amfani. Duk inda ya je, yana komawa kan dutsen nan na kusurwar hagu, mai faɗin faranti. Shi ne ya fi kowanne datti da na zo, gansakuka ta rufe shi kamar gemu. Duk Litinin ina sa masa buroshi, don shi Darakta ke fara gani in ya shigo. In na zura hannu nan ne yake cizona. Baya ga haka sai ya tsaya a kan dutsen yana ta tsinkar abin da ni ban gani ba.

Ba na son in kashe shi. Ba don yana da halin kirki ba, ba shi da shi. Amma ban ga dalilin da za a zubar da wanda ya sha gubar ruwa don a ba waɗanda suka zo jiya wuri ba. In wannan jimlar ta yi maka kama da wani labari, ba laifina ba ne.

In ka san wani abu, ka faɗa. Fushinka da ni ne, ba da shi ba.

'Yarka


1 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma fata lafiya ce ta hana ka rubutu. Direba ya sauke buhu huɗu, na tsaya ina jiran ya sa hannu a aljihu. Ya ce Kawu ya ce a gaishe ki. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, ya ma ga kana cin gyaɗa. To, alhamdu lillahi, hannunka yana aiki.

Tunda ka yi shiru, na tambayi wanda ya fi ni zama a gaban tankin. Baba Tela shekararsa shida yana zuwa, sau uku a mako, kuma a kowane zuwa sai ya yi awa guda a kujerar nan kafin a kira shi kan na'ura. Na lissafa, ya fi ni awannin karatun kifi. Litinin ɗin da ta bi takardata, na zo da buroshi, sai ya ce, “Yau ma za a yi wa bawan Allah sata?”

Na ce wace sata, Baba?

Ya ce, “Kawunki bai taɓa wanke wannan dutsen ba. Ko'ina yana gogewa, ban da nan. Gonar Mai Unguwa ke nan. Shi ya shuka abinsa, shi ke cire ciyawa, daga nan yake ci. Ke kuma duk Litinin sai ki zo ki yi masa girbin dole.”

Na ce don me bai faɗa mini ba tun tuni? Ya ce, “Ai na ga kina da takarda a wuya. Na zaci sabon ilimi ne.”

Na ajiye buroshi na zauna kusa da shi. Na tuna an taɓa faɗa mana wannan a aji, layi biyu a ƙasan shafi, cewa akwai kifayen da ke noma gansakuka su tsare ta. Na ci jarrabawar, na kuma zo na kankare gonar da hannuna sau goma sha ɗaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, babban sani ma ashe yana da nasa.

Na bar dutsen. Cikin mako guda ya fara kore. Mai Unguwa ya rage yawo, ya tsaya a kansa yana tsinke abin da ba ya so, yana kai shi gefe ya tofar. Sai na ga sauran labarin da idona. 'Yan Gayu ba abin da suke ci sai gansakuka. Da dutsen ya yi tsiro suka sauko a jere suka sa baki. Darakta ya sayo awaki ya zuba a gonar mutum, ni na rushe shingen, sannan muka taru muna cewa manomi ya haukace.

Ko su ko shi, tankin ba zai ɗauki duka ba.

Direba zai ba ka bokiti mai murfi, da ɗan famfon batir a jiki. 'Yan Gayu biyu ne a ciki. Ƙaramin wutsiyarsa ta yage, yana buƙatar wuri shi kaɗai. Na rubuta wa ofis takarda cewa an tura su jinya wurin ƙwararre, na sa hannu, na ajiye kwafi. Ba ƙarya na yi ba. Suna jinya, kai kuma ƙwararre ne, ko asibiti ya yarda ko bai yarda ba.

Darakta ya yi tafiya, sai mako mai zuwa zai dawo. Ban nemi izininsa ba, kamar yadda ban nemi naka ba.

Abu ɗaya nake son sani. Ka rubuta ranar da ƙwan fitila ya ƙone, ba ka rubuta gona ba. Mantuwa ce?

'Yarka


13 ga Afrilu

'Yata,

Bayan gaisuwa. Lafiyata ƙalau, gyaɗa kuma ba laifi ba ce. Bokiti ya iso, dukansu da rai. Na sa su a kwatami na bakwai, ƙaramin ya fara ci.

Yarinya, kina da hankali kuwa? Dukiyar asibiti kika ɗora a motar gishiri? Mutumin nan neman dalili yake yi, kin dafa kin kai masa har ofis. Innarki ta sha wahala kafin ki samu wannan takarda. Ni na ba su sunanki don aikin ya zauna a gida, ba don a sallami mutum biyu daga dangi ɗaya a kan kifi ɗaya ba.

Kin tambaye ni ko mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce. Ranar da suka ce in rubuta duk abin da na sani in bar wa mai zuwa, na zauna na rubuta abin da kowane mai takarda zai iya aunawa. Sauran na riƙe. Na ce bari mu ga ko digiri zai gaya mata. Da takardarki ta biyu ta zo, na ga maganar buroshi, na gane komai. Na rubuta amsa, na yaga. Na ce ta ƙara sati biyu tukuna. Kifaye biyu sun mutu a kan wannan taurin kai nawa, ba naki ba, ba na Mai Unguwa ba. Na faɗa sau ɗaya, kada ki sa in maimaita.

Yanzu ki saurare ni. Ki duba ƙasan takardar nan, na manna ƙugiya da salatif. Ƙarama ce, na goge mata ƙayar da ke riƙe nama. Tarkonki bai kama shi ba don shi ba mayunwaci ba ne. Amma duk abin da ya faɗo cikin gonarsa sai ya ɗauke shi da baki ya fitar, ba ya iya bari. Ki ɗaura ƙugiyar a zaren ɗinki, ki rufe ta da ɗan koren ganye, ki sauke ta a tsakiyar dutsen. Kafin ki ƙirga goma yana hannunki. Ba dutsen da zai motsa, ba murjanin da zai karye. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Ki sa shi a bokiti ki aiko mini, in mayar miki da 'Yan Gayu. Ba na ce zai rayu a nan ba. Tsoho ne, bai san wani ruwa ba sai wannan, kuma irinsa in an raba su da wurinsu sukan daina ci. Amma kifi ne, 'yata. Ni ma an cire ni, ga ni ina cin gyaɗa.

Ki ba Darakta abin da yake so. Na yafe.

Kawunki


29 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna lafiya, tana tambayar gwiwa. Na san wancan zuwan direba ya koma maka hannu wofi, ba takarda ba bokiti. Na ce masa ya gaishe ka. Ina fata ka ji yadda take.

Ƙugiyarka ta iso, na gode. Na gwada zaren ba tare da ita ba, da ɗan ganye kawai. Bakwai na ƙirga. Ya ɗauka, ya kai gefe, ya tofar, ya dawo ya dube ni. Maganarka gaskiya ce, abin da ake kama shi da shi ke nan: ba ya iya ganin ɓarna a wurin aikinsa ya wuce. Na sa ƙugiyar a aljihun rigar aiki, a nan ta zauna.

Darakta ya dawo ya tarar da takardata. Bai tada maganar ba sai ana gobe biki, da safe, ɗakin jira cike, mutum goma sha ɗaya a kujeru. Na ji takalmin tun daga baranda.

“Ina kifayena?”

Na ce suna jinya, ranka ya daɗe, yana cikin takarda.

“Wannan kuma me yake yi a nan har yanzu? Wannan ƙazantar kuma fa?”

Na ce noma yake yi, wannan gonarsa ce. Na ba shi labarin kamar yadda ka ba ni, kifi shida, ruwa mai guba, sati shida a ƙasan dutse. Ya saurara yana duba agogo. Ya ce a fito da shi yau. Na ce da koma sai an rushe duwatsu, ruwan zai yi kwana biyu kamar kunu, baƙinsa za su zo su ga kududdufi. Wannan gaskiya ce. Ba ita ce duka gaskiyar ba, sauran tana aljihuna tana sukar cinyata. A gidanmu na koyi wannan, wurin wani kawuna.

Ya ce to aƙalla dutsen zai fita, kuma tunda mai digiri ta kasa, shi zai nuna mini. Ya cire agogo ya ba Sista. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya hau kan ɗan bencin da nake takawa, ya zura hannu.

Kawu, ka san cizon. Ba ya fitar da jini, kamar a tsinke maka gashi ɗaya ne ba shiri. Amma Darakta bai san shi ba. Mai Unguwa ya fito kamar an harbo shi, ya kama gashin hannunsa ya ja. Mutumin ya yi wata ƙara da ban zaci tana cikin wannan kwat ɗin ba, ya fizge hannu, ruwan gishiri ya wanke masa gaban riga har takalmi.

Sai Baba Tela ya ce, a hankali, “Ranka ya daɗe, ai ba ka yi sallama ba.”

Wata huɗu nake aiki a ɗakin nan ban taɓa jin dariyarsu ba. Mutane ne da ke zuwa da kumburarrun ƙafafu su zauna su jira na'ura. Ranar har matar nan da ba ta magana da kowa ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Sista ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ni ban yi dariya ba. Na miƙa masa tawul, na ce ruwan yana ɓata fata in ya bushe.

Kafin azahar takardar tuhuma ta same ni. Kafin la'asar an zo an manna babbar sanarwar biki a kusurwar hagu ta gilashi, daidai yadda za ta rufe dutsen. Wato an hukunta Mai Unguwa da labule, abin da ya fi so a duniya.

Washegari baƙi suka zo. Babbar baƙuwa ta tsaya a gaban tankin, ta yaba murjani, sai ga shi ya leƙo daga bayan sanarwa. Ta ce wannan baƙin fa, me ya sa aka ajiye shi cikin masu kyau? Na buɗe baki, Darakta ya riga ni. Ya ce, Hajiya, wannan shi ne ya fara shiga ruwan nan lokacin yana da guba, shida aka zuba shi kaɗai ya rayu, mun ajiye shi ne don ya zama alamar juriyar marasa lafiyarmu. Har da dafa ƙirji. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Ashe yana saurare lokacin da yake duba agogo.

Yanzu ba ya iya zubar da shi, ya riga ya sa shi a jawabi. Ni kuwa ban shiga jawabi ba. An ƙara mini wata shida na gwaji, an kuma rubuta a fayil ɗina cewa ina da taurin kai. Na karanta, ban ga kuskuren da zan gyara ba. 'Yan Gayu an ce su ci gaba da jinya har sai an neme su. Ba na jin za a neme su.

Sanarwar tana nan, amma kullum tana raguwa. Duk wanda ya zauna kusa sai ya ɗan ɓare gefe da farce. Jiya na ga rabin gonar a fili, ta yi kore shar, mai ita yana tsaye a kai yana harare-harare.

Ga ƙugiyarka na manna a ƙasa. Ka ce ka yafe. Ni ban yafe ba, kuma ba kifin kaɗai nake nufi ba.

'Yarka


11 ga Mayu

'Yata,

Bayan gaisuwa. Gwiwa ta tashi da damina, amma da sauƙi. Sati biyun da kika yi shiru ban ci gyaɗa ba, direba shaida ne.

Na karanta wa abokan aiki labarin sallama, ɗaya ya kusa faɗawa kwatami. Ki gaya wa Baba Tela ina nan ina jin muryarsa.

Ƙugiya ta dawo. Na je bakin ruwa na jefa ta inda ba mai gona.

Wata shida ba komai ba ne. Wani ya yi sati shida a ruwan da ya fi wannan.

Direba zai ba ki ƙunshi a leda. Littafi ne mai baƙin bango, gishiri ya ci gefensa, rubutun kuma ba na makaranta ba ne. Wanda na bar miki a kabad na asibiti ne. Wannan nawa ne. Ki fara da shafi na huɗu, akwai maganar ƙaguwar nan, ita ma ba abin da kike zato ba ce. Shafukan ƙarshe ba komai a kansu. Ki ci gaba daga nan, ki rubuta har abin da ba a aunawa.

Ki gai da Innarki. Ki gai da Mai Unguwa, amma daga nesa.

Kawunki